Littafin Ɓerayen Dakta Bashir

A makon nan abokina Dakta Bashir ya cika shekara bakwai da rasuwa. Na san akwai waɗanda za su rubuta alherinsa, kuma duk abin da za su faɗa gaskiya ne, ba ni da ja. Nawa rubutun daban ne. Na yi fiye da rabin rayuwata ina kishin mutumin nan, ya mutu ban daina ba, kuma kishin nan ne ya sa na danne wata amana da ya damƙa mini yana kwance a gadon asibiti. Littafi ne guda ɗaya mai baƙin bango, ya ce in kai wa ɗalibarsa. In babu littafin, aikin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai ba zai taɓa fitowa ba. Na san haka sarai, amma na jefa shi a durowar ofishina na murɗa makulli.

Tun a Zariya muka haɗu, aji ɗaya, muna karatun yadda jikin halitta ke aiki. A takarda ni ne gaba, wannan ko wanda ba ya ƙaunata ya sani. In an kafe sakamako sunana ne a sama, nasa sai ka gangaro layi huɗu ko biyar. Amma ranar da aka fara sa mu kama ɓera a ɗakin gwaji na gane akwai abin da ba a haddacewa. Na cafko nawa ta wutsiya kamar yadda aka nuna mana, ya juyo ya gantsara mini cizo a babban yatsa, ya tsula mini fitsari a hannun riga. Ina waigawa sai ga Bashir ya shimfiɗa tafin hannunsa a cikin keji kawai, ɓeran ya hau da ƙafarsa, ya zauna yana wanke fuska. Malaminmu ya tsaya a kansa, ya gyaɗa kai ya wuce. Ni da na shekara uku ina cinye jarrabawar malamin nan, bai taɓa gyaɗa mini kai irin haka ba.

Aiki ya sake haɗa mu a Abuja, a wata cibiyar bincike da ba sai na ambaci sunanta ba. Shi ya kama haya a Dutsen Alhaji, ni na zauna ta wajen Gudu. Mutane suna yi mana kallon 'yan uwa, kuma ba su yi kuskure ba. Ni ne babban abokin ango ranar da ya auri Asma'u, shi ya yi wa ɗana na fari, Khalid, huɗuba. Ina son sa, kada wani ya karanta wannan ya ɗauka ƙiyayya ce. Sai dai son bai taɓa hana ni jin zafi ba duk ranar da aka yabe shi a gabana, kuma ana yawan yabon sa a gabana.

Bari in faɗi aikin nasa a sauƙaƙe, don yawancin waɗanda suka yi masa sallah ba su san abin da yake yi ba. Akwai wani sinadari da jiki ke haɗawa a can ƙasan ƙwaƙwalwa ya sake shi cikin jini, sunansa vasopressin. Aikinsa da aka fi sani shi ne tsare ruwan jiki. In ƙishirwa ta kama ka sai ya ƙaru, ya sa ƙoda ta riƙe ruwa, shi ya sa mai azumi ke ganin fitsarinsa ya ragu ya yi duhu wajen la'asar. Firgita da wahala ma suna tayar da shi. Bashir sinadarin ƙishirwa yake ce masa, ni ma haka zan riƙa ce masa a nan. To, masana sun daɗe da lura cewa 'ya'yan maraina ma suna da wuraren da wannan sinadari ke kamawa. Me ya kai mai tsaron ruwa inda ake yin maniyyi da sinadarin mazakuta? Rage su yake yi, ko matsa 'yan bututun da maniyyi ke bi yake yi, ko duka biyun? Tambayar da Bashir ya ba wa rayuwarsa ke nan, kuma a jikin fararen ɓeraye maza ya nemi amsarta.

A majalisarmu ta ranar Lahadi kuwa ya sha tsiya, kuma ni ne sarkin masu yi masa. Da ya iso sai in ce, "Ku matsa wa likitan marainan ɓera ya zauna." A yi ta dariya, shi ma ya yi, har ya fi kowa. Wata rana wani ɗan kasuwa daga cikinmu ya tambaye shi tsakani da Allah amfanin wannan wahala. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Alhaji, kullum in zan fito daga Dutse ina wuce leburori a wuraren gini. Tun safe suna ɗaukar bulo a rana, wani sai azahar zai sa ruwa a bakinsa. Ban ce ɓera mutum ba ne, kuma ban ce ƙishirwa na hana haihuwa ba. Ban sani ba ne, shi ya sa nake tambaya. Amma in gida ya rasa haihuwa, mace ake ja zuwa asibiti, ba wanda ke tambayar me ke faruwa a jikin mijin." Ni da na shirya wata tsiyar sai na haɗiye ta, ina jin haushin yadda ya iya magana ba tare da ya ɗaga murya ba.

Ɗakin ɓerayensa yana da dokoki, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Ba a ɗaukar ɓera ta wutsiya, domin tsoro kaɗai ya isa ya tayar da sinadarin da ake son aunawa. Ba a shiga da turare. Ranar Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ya tuɓe babbar riga ya wanke hannu da wuya kafin ya taɓa ƙofar. Kowace safiya yana ɗora kwalbar ruwan kowane keji a kan sikeli ya rubuta abin da suka sha, ya rubuta wanda ya shiga ɗakin, ya rubuta in janareta ya mutu ɗakin ya yi zafi. Duk a cikin baƙin littafin nan.

Akwai dokar da ta fi duka. In an gama gwaji aka ciro ɗan naman da za a duba, akan daskarar da shi cikin kaki a adana, kuma lamba kawai ake rubutawa a jiki. Wane ɓera ne aka yi wa allura, wanne aka rage wa ruwa, wanne aka bari haka nan, babu inda aka rubuta sai a littafin. Wanda zai duba naman a madubin likita mai ƙara girman abu ba ya buɗe littafin, wanda ya buɗe littafin ba ya duba naman. Ya ce in mutum ya san amsar da yake so, idonsa zai gano masa ita ko babu. Ni a lokacin ina ganin tsabar ƙaƙale ne da son a ce shi na daban ne.

Sai ga wata shekara, ana tsakiyar zafin nan na kafin ruwan farko, aka kira shi cewa mahaifiyarsa ba ta da lafiya a Zariya. Ranar Alhamis ce. Ya same ni a ofis da jakarsa a kafaɗa ya ce, "Sagir, kwana uku kawai. In ba ka samu sukunin aunawa ba, ba komai, amma ka duba mini kwalabe." Na ce ya tafi abinsa, in dai ba wa ɓera ruwa ne ai ba sai da digiri ba.

Ranar Juma'a na leƙa. Kwalabe sun ragu na cika su, sai guda huɗu a layin ƙarshe na same su fal har wuya. Na ce madalla, waɗannan sun rage mini aiki. Ranar Asabar ina da ɗaurin aure a Tungan Maje, na biya da safe a gurguje, huɗun nan suna nan fal, na cika sauran na fita ina duba agogo. Lahadi ma haka. Ni da nake taƙama da cewa ban taɓa zuwa na biyu a aji ba, ban tsaya na tambayi kaina ba, ta yaya keji cike da ɓeraye, a zafin Abuja, kwalbarsu za ta kwana uku ba ta ragu ba? Ashe su aka cika a ƙarshe da ruwan gindin tanki, laka ta toshe ɗan bututun ƙarfen da suke tsotsa. Ruwa na rataye a kansu suna kallo, ba ɗigo ɗaya da ke fita.

Litinin da safe ya dawo, daga tasha ko gida bai biya ba. Na bi shi ɗakin ina jiran godiya. Ko kallon kwalaben da suka ragu bai yi ba, kai tsaye ya nufi huɗun da suka cika. Ya taɓa bakin bututu da yatsa, ya duba yatsan, a bushe. Ɓeraye biyu sun mutu, sauran sun lafe a kusurwa idanunsu sun faɗa. Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kwalbar da ta ragu ba ta ba ni tsoro, Sagir. Wadda ta cika nake tsoro."

Na tsaya ina jiran faɗa. Da ya zage ni da na huta, don da na samu abin riƙewa, in ce ai ga halinsa ya fito. Sai ya ce, "Miƙo mini sirinji," ya shiga ɗiga musu ruwa a baki ɗaya bayan ɗaya. Aikin watanni ya tafi a kwana uku. Don in rage wa kaina kunya na ce masa ai ƙishirwa yake bincike a kai, ga ƙishirwa ta samu, ya bar su cikin lissafi mana, wa zai sani? A nan ne kawai ya ɗago ya kalle ni. Ya ce, "Ƙishirwar da na shirya nake aunawa, ba wadda ta zo da kanta ba." Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, kuma bai gaya wa shugaban sashe ba. Ranar Lahadin da ta biyo baya ya zo majalisa ya zauna kusa da ni kamar kullum, ya zuba mini shayi.

Ba a yi shekara ba na nemi canjin aiki zuwa wata hukuma. Na ce wa mutane ci gaba nake nema, kuma na samu: ofis mai sanyi, mota da direba, masu miƙewa in na shigo. Gaskiyar ita ce na kasa jure ganin sa kullum. Shi ya zauna da ɓerayensa da tsohuwar motarsa da sai an tura. Duk da haka in aka gayyace shi taro a ƙasar waje ya turo hoto, sai in rubuta masa "Masha Allah" ina cije leɓe. Ina da duk abin da ba shi da shi, amma ni ke leƙen rayuwarsa, shi bai taɓa leƙen tawa ba.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. An ce yanzu akwai ɗakunan gwaji da na'ura ke auna ruwan kowane keji da kanta, ta turo wa mutum saƙo a waya in wani abu ya toshe. Na tabbata zai yi murna, kuma na tabbata duk da haka sai ya bi ya taɓa bakin kowane bututu da yatsa. Zai ji daɗin ganin maza sun fara bin matansu asibiti ana gwada su, ko da suna rufe fuska da hula a layi. Abin da zai ɓata masa rai shi ne masu tallar maganin maza da suka cika waya, kowa da kwalbarsa da rantsuwarsa, ba wanda ya taɓa cewa "ban sani ba". Shi kuwa kalmar da ta fi yawa a bakinsa ke nan, kuma a bakinsa ado take yi. In ni na faɗe ta sai in ji kamar an tuɓe mini hula a kasuwa.

Ciwon da ya ɗauke shi wata huɗu ya yi. Ranar da na je duba shi ta ƙarshe, da rana ce, Asma'u ta fita karɓo magani. Ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya jawo baƙin littafin. A lokacin yana da ɗaliba mai neman digiri na uku a hannunsa, Ladi, 'yar Gbagyi daga wajen Bwari, ita ya shirya ta ƙarasa aikin. Ya ce, "Ladi tana Ibadan wajen kwas, sai ƙarshen wata za ta dawo, ni kuwa ban ga alamar zan kai ba. Ka kai mata hannu da hannu."

Na ce, "Haba Bashir, da kanka za ka ba ta."

Ya yi murmushi ya ce, "In na ba ta da kaina, shi ke nan. In ban ba ta ba, amana ce."

Ina shiga mota na buɗe, na tafi kai tsaye kwanakin nan uku. A gurbin wanda ya shiga ɗaki ya rubuta sunana, domin ba ya rubuta ƙarya. A ƙasa kuma ya rubuta: "Keji huɗu na layin ƙarshe, bututu ya toshe. Ban gwada su ba kafin in yi tafiya. Laifina ne. A cire su." Shi ke nan. Na karanta ya fi sau biyar. Kowane mai hankali godiya zai ji, ko kunya. Ni abin da na ji shi ne, ko a wajen yafiya ma sai da ya fi ni. Ya ɗauki laifina ya ɗora wa kansa, ya rufe littafi, bai ma ba ni damar in roƙe shi ba. Kwana biyar bayan nan ya rasu.

Na sha gaya wa kaina tsoro ne ya hana ni kai littafin, kada Ladi ta ga sunana ta gane. Ƙarya ne. Tsoron bai wuce mako guda ba, sauran duk ƙyashi ne. Na san in littafin ya isa hannunta za a yanka naman nan a duba, a rubuta takarda, sunan Bashir a sama, a yi ta ambatonsa a taruka yana cikin kabari, ni ina raye ina sa hannu a takardun hutun ma'aikata. Na ce bari in jinkirta zuwa bayan addu'ar bakwai. Daga nan na ce sai bayan arba'in. Daga nan kuma jinkirin kansa ya zama abin da ba zan iya bayyanawa ba, sai na bar shi.

Ladi ta dawo ta tarar da akwatuna cike da kaki mai lambobi, ba ta san wace lamba ce wane ɓera ba. Cibiya ta ƙi sakin kayan aiki a kan naman da ba a san asalinsa ba, kuma ban ga laifinsu ba. Dole ta canza abin da take bincike a kai, ta yi asarar shekara biyu kafin ta gama. Yanzu Dakta Ladi ce, ita ke riƙe da ɗakin. Kowace Sallah sai ta kira ni ta yi mini barka, mu gaisa, ta tambayi iyali, sannan ta ce, "Oga, har yanzu ba ka ci karo da baƙin littafin nan ba ko?" Ban taɓa rantse mata ba, wannan ne kawai ɗan abin da na rage wa kaina. Sai in ce ina nan ina dubawa. Ta ce, "To oga, Allah ya sa a gani."

Makonni biyu da suka wuce na biya kasuwar Gudu in gai da Asma'u, inda ta buɗe shagon labule da zannuwan gado bayan rasuwarsa. Ta sa aka kawo mini ruwa, muka taɓa hira. Sai ta ce Ladi ta zo ta gaya mata za a gyara sito a cibiya, an ba ta zuwa ƙarshen wata, duk akwatin da ba a san abin da ke ciki ba za a ƙone. Ta shiga linke wani labule da ta riga ta linke. Can ta ce, "Baban Khalid, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da na fita takaba na tattara tsofaffin takardu na ƙona a bayan gida. Ina jin littafin nan yana ciki. Na birkice gidan nan ban san sau nawa ba. 'Yarmu Fatima tana tambayata wai ina babban aikin da ake cewa babanta yana yi. Ni na ƙona masa wahalarsa da hannuna."

Ruwan da ke hannuna na kasa sha. Shekara bakwai matar nan tana ɗauke da laifina a ƙirjinta, kamar yadda mijinta ya ɗauka a littafi. Na ce mata in sha Allahu za a gani, na tashi na fita ko sallamar kirki ban yi ba.

Washegari da safe na buɗe durowa na ɗauko shi, na kori direba, na tuƙa kaina zuwa cibiyar. Na samu Dakta Ladi a ofishinta. Na ajiye littafin a kan tebur. Ta miƙe tsaye ta ɗauka da hannu biyu, ta shafa bangon, ba ta buɗe ba.

Ta ce, "Oga, na san yana wurinka. Ya kira ni a waya daga asibiti ya ce ya ba ka. Ya ce akwai shafin da yake so ka fara karantawa, kada in matsa maka, za ka kawo."

Na ce, "Kin sani, shekara bakwai, ba ki ce mini maƙaryaci ba?"

"Kai babba ne, kuma abokinsa ne. Ko Madam Asma'u ban gaya wa ba, don kada in shiga tsakaninku." Ta ƙara da cewa, "Amma bai ce mini shekara bakwai ba, oga. Akwati biyu ruwan sama ya riga ya lalata, da rufin sito ya yi yoyo. Waɗannan ba za su dawo ba."

Na ce ta bar ni in taimaka. Na ce idona bai mutu ba, ina iya zuwa duk ranar Asabar in zauna a gaban madubi in duba mata naman, ba na son a sa sunana ko'ina. Da gaske nake, ban taɓa son wani aiki kamar yadda na so wannan a lokacin ba. Ta kalle ni da ladabi, ta ce, "Ai ka riga ka karanta littafin, oga. Ka san doka." Ta kira wata abokiyar aikinta ta miƙa mata littafin ta ce ta kulle, ita ma kanta ba za ta buɗe ba sai an gama dubawa.

Daga can na wuce Gudu na gaya wa Asma'u komai a tsaye a bakin shago. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Sai ta ce, "To, Dakta, mun gode." Fiye da shekara ashirin Baban Khalid take ce mini.

Ban san abin da naman nan zai nuna ba. Wataƙila a gano wani abu game da sinadarin ƙishirwa da haihuwar namiji, wataƙila a tarar babu komai, kuma akwatunan da suka lalace sun tafi da nasu labarin har abada. In takarda ta fito, za a rubuta cewa an cire keji huɗu saboda bututu ya toshe, ba za a faɗi sunan kowa ba, don ba a yin haka a irin waɗannan takardu. Shi ya sa nake faɗa a nan, inda Fatima za ta iya karantawa. Ni ne na ga kwalabe a cike na wuce, ba babanki ba. Ni ne na ɓoye littafin, ba mamanki ba.

In na auna abin da ya rage na Bashir, bai bar gida nasa ba, bai bar muƙami ba, ko sunan titi ba a sa masa ba. Ya bar ɗaki guda a Abuja inda har yau ake bin dokarsa ba tare da yana tsaye a kan kowa ba, da mace ɗaya da ta riƙe maganarsa shekara bakwai alhali tana cutuwa. Ni ina raye, in na ba da umarni a ofis, kafin in kai bakin mota an fara yi masa kwaskwarima. Na so in rufe wannan rubutu da cewa na warke, amma ba zan ƙara wata ƙaryar a kan kabarinsa ba. Har yanzu ina kishinka, Bashir, yau ma fiye da jiya. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ni kuma ya yaye mini.